Lampião na yumɓu ya fi na kyamara faɗin gaskiya

A garin Caruaru na jihar Pernambuco, arewa maso gabashin Birazil, kimanin kilomita 130 daga Recife, akwai wata kasuwa da ta yi suna har hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar ta sa ta cikin jerin gadon al'umma a 2006. A rumfunan masu kayan yumɓu za ka tarar da 'yan mutum-mutumi jere reras, yawancinsu ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Ga sa, ga likita yana cire wa wani haƙori, ga iyali sun ɗora ƙunshin kaya a ka suna gudun fari, ga masu busa sarewa. A tsakiyarsu ba ka rasa wani mai tabarau, da hular fata mai naɗaɗɗen baki, da ɗamarar harsashi biyu gicciye a ƙirji, mace tsaye a gefensa. Shi ne Virgulino Ferreira da Silva, wanda aka fi sani da Lampião, shugaban 'yan fashin dajin da ya hana ƙauyukan yankin barci daga 1922 har ranar 28 ga Yuli 1938, lokacin da 'yan sanda suka ritsa shi a kwazazzabon Angico na jihar Sergipe, suka kashe shi tare da matarsa Maria Bonita da wasu mutum 9.

Yadda mai kisa ya koma kayan ado a kan kanta tambaya ce da masu shirya fina-finan dokumantari na Birazil suka daɗe suna juyawa. Ra'ayina shi ne, cikin abin da aka ɗauka a kan wannan mutum, wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne ɗan gajeren fim ɗin da ko fuskarsa ta ainihi bai dogara da ita ba, ya tsaya a kan hannun magini yana murza yumɓu. Hoton da aka ɗauki Lampião da ransa kuwa, wanda kowa ke rububinsa, shi ya fi cancanta a yi taka-tsantsan da shi.

A 1936 wani ɗan asalin ƙasar Sham mai suna Benjamin Abrahão, wanda ya taɓa zama sakataren Padre Cícero, fitaccen limamin cocin Juazeiro do Norte, ya karɓi kayan aiki daga kamfanin Aba-Film na Fortaleza, ya kutsa dajin ƙaya har ya iske dabar Lampião. Kyamararsa ba ta ɗaukar sauti. Abin da ya tsira na aikin mintoci ne kaɗan, kuma duk wanda ya kalle su ba ya mantawa: 'yan fashi sun durƙusa suna addu'a, suna rawa bibbiyu, Maria tana taje wa mijinta gashi, shi kuma yana duba jarida, yana fesa turare, har da inda ya tsaya gaban takardar tallar maganin ciwon kai na kamfanin Bayer. Akwai wurin da suka rugo da bindigogi suna nufo kyamara kamar ana artabu, alhali babu abokin gaba ko ɗaya a wurin.

Mutane kan ce gani ya kori ji. A nan ganin ma tsara shi aka yi. Mai kyamara baƙo ne shi kaɗai a tsakiyar masu makamai, ba shi da ikon cewa ga abin da zai ɗauka, ga lokacin da zai kunna. Ba a kai shi ƙauyen da aka ƙone ba, ba a nuna masa matan da Zé Baiano, ɗaya daga cikin manyan yaran Lampião, ya yi wa lamba a fuska da jan ƙarfe mai harufan sunansa kamar yadda ake yi wa shanu ba. Lampião ya san amfanin hoto sarai. Mutum ne mai son ado, ya iya keken ɗinki, yana ƙawata hularsa da taurari da tsabar kuɗi, kuma tun 1926, da aka ba shi muƙamin kyaftin a Juazeiro don ya yaƙi dakarun tawayen da wani hafsan soja mai suna Prestes yake jagoranta, yake sa hannu da wannan muƙami a wasiƙun neman kuɗin da yake aika wa garuruwa. Shi ne ainihin mai ba da umarni a fim ɗin Abrahão. Gwamnatin shugaban ƙasa Getúlio Vargas ta ƙwace fim ɗin a 1937 saboda ya kunyata ta: ga mutumin da rundunonin jihohi suka kasa kamawa yana rawa hankali kwance. A 1938 aka kashe Abrahão da sukan wuƙa, watanni kaɗan kafin a kashe wanda ya ɗauka.

Har yau kusan duk shirin da za a yi a kan zamanin, sai an yanko waɗannan mintoci an ɗora musu kiɗa mai daɗi. Kuskuren a nan yake. Duk wanda ya sa hoton ba tare da ya gaya wa mai kallo wa ya tsara shi, a wane hali aka ɗauka, da abin da aka hana ɗauka ba, ya ci gaba da yi wa mamaci aikin talla ne kyauta.

Ɗayan fim ɗin na Geraldo Sarno ne, ya fito a 1969 da sunan Vitalino/Lampião, cikin jerin gajerun fina-finan da Thomaz Farkas ya ɗauki nauyi don adana sana'o'i da al'adun arewa maso gabas. Bai kai minti 10 ba. Magini Manuel Vitalino yana zaune da curin yumɓu, yana gina Lampião tun daga ƙafa har hula, mawaƙin baka Severino Pinto yana rera labarin ɗan fashin da garayarsa ta ƙasar, daga bisani a bi kayan zuwa kasuwar Caruaru. Maginin ya yi magana a kan sana'arsa, ya nuna gara ya bar ta da ya daina aikin hannu ya koma zubi, wato fitar da kaya iri ɗaya daga mazubi.

Manuel ɗa ne ga Mestre Vitalino, wato Vitalino Pereira dos Santos, wanda aka haifa a 1909 a karkarar Caruaru. Mahaifiyar Vitalino maginiyar tukwane ce. Da ragowar yumɓunta ya fara gina 'yan dabbobi tun yana ɗan shekara 6, ana kai su kasuwa a matsayin kayan wasan yara. Bai yi karatun boko ba, mabushin sarewa ne kuma. Sunansa ya fita bayan baje kolin da mai zane Augusto Rodrigues ya shirya a Rio de Janeiro a 1947, aka sake nuna aikinsa a gidan adana zane na São Paulo a 1949. Ya zauna a unguwar Alto do Moura, wadda yanzu kusan kowane gida a cikinta akwai magini. Agana ce ta kashe shi a 1963, cikin talauci, alhali kayansa suna cikin akwatunan gilashi a manyan birane. Wannan kaɗai ya isa a yi fim a kansa.

Dalilin da ya sa nake fifita aikin Sarno sai an san yadda ake ginin kafin ya fito fili. Ana haƙo yumɓun ne daga gaɓar kogin Ipojuca. A farfasa shi, a jiƙa, a bar shi ya kwana, sannan a tsince tsakuwa da saiwoyi, a kirɓa, a cuɗa da hannu har ya daina manne wa yatsu. Tsintar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ƙwayar farar ƙasa guda da ta ɓuya a ciki takan toyu tare da kayan, bayan kwanaki ta sha raɓa ta kumbura, ta ɓalle wa mutum-mutumin kumatu ko kafaɗa bayan an riga an sayar. Cuɗawar kuma tana fitar da iska, tana daidaita danshi, don kada wani sashe ya bushe ya bar wani.

Daga nan sai ginin. A fara da faifan da zai tsaya a kai, a murza ƙafafu masu kauri fiye da na mutum na gaske don su ɗauki nauyi, a ɗora gangar jiki, a bar shi ya ɗan sha iska kafin a sa kai da hannuwa, in ba haka ba ya durƙushe. Duk inda za a haɗa gaɓa biyu sai an kakkarce fuskokin da tsinke, an shafa kunun yumɓu, an danna, an goge bakin. Wanda ya manna hannu a bushe zai tsince shi a ƙasan matoya. Kayan aikin ba su wuce tsinke, da 'yar wuƙa, da gashin kaza, da guntun mataji, da kwanon ruwa ba. Siraran abubuwa, irin bindiga da tabarau, a nan ake sa waya, kuma ita ma da nata sharrin: yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, sau da yawa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, don haka doguwar waya mai kauri a cikin jiki tsaga shi take yi. Duk sashen da ya fi yatsu biyu kauri gara a huda shi daga ƙasa don danshi ya sami hanyar fita.

A inuwa ake shanya, kwanaki da dama gwargwadon yanayi. Rana tana busar da bakin hula kafin ƙirji, sai wuya ya tsage. Matoyar zagayayya ce ta bulo, itace a ƙasa, kaya a sama, a rufe da fasassun tayil da tsingaro. Sa'o'in farko wuta 'yar kaɗan ake sa wa, domin ruwan da ya rage a ciki yana zama tururi da zarar zafi ya kai digiri 100, kuma idan aka gaggauta, ɗaya ya fashe ya tafi da maƙwabtansa. Wani wurin haɗarin yana wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya, haka kuma yake tsukewa a daidai nan idan ana hucewa. Shi ya sa toyin yakan ci kusan yini, a bar matoya ta huce da kanta, ba a buɗe ta don ɗoki. Fenti daga baya ake shafa shi a sanyi, babu ƙyalli irin na tangaran.

Fim na minti 9 ba zai nuna duk wannan ba, kuma a zamanin ma ba a da sararin yin haka. Gwangwanin fim mai faɗin milimita 16, mai tsawon ƙafa 400, minti 11 kawai yake ɗauka, ga tsada, ga nisan inda za a wanke shi. Dole mai shiri ya zaɓa. Sarno ya zaɓi hannu, kuma zaɓin ya yi daidai, domin abin da mai kallo yake gani shi ne ana haɗa jarumi gaɓa-gaɓa. Hular nan mai kwarjini ɗan faifan yumɓu ne da aka lanƙwasa da babban yatsa. Harsasan ɗamara 'yan mulmulallun ƙwayoyi ne da aka jera. Kafin mintoci kaɗan babu komai sai curi, yanzu ga sarkin 'yan fashi, an jima kuma za a yi cinikinsa. Mai kallo ya fita ya san cewa Lampião ɗin da ke kansa ma haka aka gina shi: mawaƙi ya sa nasa, masu buga ƙananan littattafan waƙa da ake sayarwa a kasuwanni sun sa nasu, jaridun Rio sun sa nasu. Ko sunan Maria Bonita ba shi ake kiranta da shi a daba ba. Maria de Déa aka san ta, laƙabin ya bazu ne ta hanyar jaridu a ƙarshen rayuwarta da bayan mutuwarta.

Ba na ganin laifin magini ko kaɗan. Vitalino da abokan aikinsa, irin su Zé Caboclo da Manuel Eudócio, sun gina duk abin da idonsu ya gani da wanda kunnensu ya ji, daga ɗaurin aure zuwa jana'iza, daga soja yana jan ɓarawo zuwa mace tana naƙuda. Ɗan fashi ɗaya ne cikin mutanen duniyarsu. Kasuwa ce ta tsame shi ta ɗora a gaba, domin baƙon da ya zo daga kudu shi yake tambaya. Idan mai saye yana neman guda 200 iri ɗaya a farashin sari, mai aikin hannu ba zai iya ba, mai mazubi zai iya. Kayan zubi ana gane su da layin da ke bin gefen jiki inda ɓari biyu suka haɗu, da fuskoki iri ɗaya sak, da rashin sawun yatsa a bayan hula. Kukan da Manuel ya yi a 1969 kukan mai neman abinci ne, kuma na ji daɗi da fim ɗin ya bar shi ya yi shi da bakinsa. Abin da nake so a ƙara, wanda masu shiri kan ji nauyin tambaya, shi ne lissafi: nawa ake sayen amalanken yumɓu, nawa itace, guda nawa ke fashewa a kowane toyi, nawa magini ya karɓa, nawa mai shago a Recife ya sayar.

Akwai fim na uku da ya kamata a ajiye kusa da waɗannan, Memória do Cangaço na Paulo Gil Soares, daga tsakiyar shekarun 1960, shi ma da kuɗin Farkas. Bayan kisan Angico an datse kawunan mutum 11, aka jera su a kan matakala a garin Piranhas tare da huluna da bindigogi aka ɗauki hoto, daga baya wasunsu suka ƙare a gidan adana kayan binciken gawa na Nina Rodrigues a Salvador, jama'a suna zuwa kallo. Soares ya sa shugaban wurin, Farfesa Estácio de Lima, ya yi bayaninsa na cewa a halittar jikin mutanen dajin ake neman tushen ta'addancinsu, sannan ya juya kyamara ga makiyayi talaka yana faɗin yadda yake rayuwa. Ya kuma zauna da Zé Rufino, jami'in da ya kashe Corisco, ɗaya daga cikin manyan yaran Lampião, a 1940, yana ba da labarin kashe-kashensa ba tare da wata damuwa ba. Wannan fim ya tuna mana abin da ɗan mutum-mutumin kasuwa ba zai iya faɗa ba, wato idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan sandan sintiri sun azabtar da ƙauyawa kamar yadda 'yan fashi suka yi. Manyan masu gonaki da wasu 'yan siyasa su ne suka riƙa ba Lampião mafaka da harsashi, suna amfani da shi a kan abokan hamayyarsu. Ba don su ba da bai yi shekara 16 a daji ba. Sai a watan Fabrairu 1969 aka binne kawunan, bayan iyalai sun daɗe suna roƙo, a shekarar da Sarno ya fitar da nasa fim ɗin.

Inda nake ganin dukkansu sun gaza, har da wanda nake yabo, shi ne muryar wanda aka zalunta. A shekarun 1960 mutanen da aka yanke wa kunne, da waɗanda aka kashe wa iyaye a gabansu, da yawa suna raye, ana iya samunsu a kowace kasuwar ƙauye. Zamanin mulkin soja ne, masu ilimin da ke adawa da shi suna neman alamar talakan da ya ɗaga kai, sai ɗan fashi ya yi musu kama da ita. A shekarar 1969 ɗin ce kuma masanin tarihi Eric Hobsbawm ya yaɗa ra'ayin ɗan fashin da talakawa ke ɗauka nasu ne. Masu bincike da suka zo daga baya, irin su Billy Jaynes Chandler da Frederico Pernambucano de Mello, sun bi takardu da shaidu suka nuna cewa ramuwar gayyar kisan mahaifinsa, wadda Lampião yake fakewa da ita, ta zama garkuwa ce kawai ga sana'a mai kawo kuɗi, kuma talakawa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Ko ma'auratan nan na yumɓu da ake saya a matsayin alamar soyayya suna rufe wani abu. Dadá, matar Corisco, sato ta aka yi daga gidan iyayenta tana yarinya 'yar shekara 13 ko ƙasa da haka. Matan daba ba sa riƙe jariransu, bayarwa ake yi, har da Expedita, 'yar Lampião da Maria. Ban ce magini ya gina wannan ba. Mai kyamara ne ya wajaba ya faɗa.

Mai karatu a Zamfara ko Katsina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A 2022, bayan shirye-shiryen da BBC da Trust TV suka yi a kan 'yan bindigar arewa maso yamma, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Najeriya ta ci tarar Trust TV da wasu kamfanonin da suka watsa shirin BBC naira miliyan 5 kowannensu, bisa zargin ɗaukaka ta'addanci. Ban yarda hani magani ne ba. Vargas ya ƙwace fim ɗin Abrahão, ga shi yau ya fi kowane hoto na zamanin yawo. Tambayoyin da suka dace a yi wa irin wannan shiri su ne: wa ya zaɓi wurin da aka zauna, wa ya ce a kunna, minti nawa aka ba mai bindiga, minti nawa aka ba matar da ya mayar bazawara, kuma an bi sawun mai kawo masa harsashi ko an tsaya a kan rawaninsa.

Ga wanda zai koma Pernambuco da kyamara yau, kayan aikin sun yi sauƙi, uzurin gwangwanin minti 11 ya ƙare. A ajiye kyamara kusa da hannu, da hasken taga daga gefe don sawun yatsa ya fito, a bar ɗauka ɗaya ta yi tsawo, kada a yayyanka ta a cika da kiɗa, domin saurin magini da inda yake dakatawa su ne iliminsa. A sa makirufo kusa da allon aiki, a ji sautin yumɓu da na tsinke. A kwana a bakin matoya, a kasance a wurin da safe lokacin da ake ɗaga tsingaro ana ƙirga asara. A rubuta sunan kowane magini da na matan gidan, waɗanda galibi su ke fenti amma ba a ambatonsu, a kuma biya su kwanakin aikin da aka cinye musu.

Daga Alto do Moura kuma a wuce Serra Talhada, mahaifar Lampião, inda a 1991 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a kan ko a kafa masa gunki, masu cewa a kafa suka yi rinjaye, a nemi jikokin waɗanda suka ce a'a. A je Mossoró a jihar Rio Grande do Norte, garin da ya ƙi biyan kuɗin da Lampião ya yanka masa a watan Yuni 1927, magajin gari Rodolfo Fernandes ya jera mutane a kan rufin gidaje da hasumiyar coci suka kore shi. A maƙabartar garin akwai kabarin Jararaca, yaron Lampião da aka kama da rauni a wannan hari, 'yan sanda suka kashe shi ba tare da shari'a ba. Har yau mutane suna kai masa kyandir suna neman biyan bukata, a garin da kowace shekara yake bikin ranar da ya fatattaki ubangidansa. A ɗauki masu kyandir ɗin, a tambaye su abin da suka sani game da shi, a kuma bar su su gama magana.